Sunayen da Marubuci ke Bai wa Edita: Sharhi kan Zaɓen Masu Tantance Maƙala

Duk malamin jami'ar da ya taɓa tura maƙala zuwa mujallar ilimi ta intanet ya san shafin nan da ke zuwa gab da ƙarshe, bayan an loda rubutu, an jera sunayen marubuta, an amince da sharuɗɗan mujalla. Shafin yana neman sunan mutum uku, wani lokaci har biyar, waɗanda marubucin yake ganin sun cancanci su tantance aikinsa, kuma kowane suna yana da gurbin jami'ar da mutumin yake aiki, da gurbin adireshin imel, da ɗan fili na faɗin dalilin zaɓensa. A ƙasa akwai wani gurbi na waɗanda marubucin ba ya so a tura musu. Mafi yawan mutane suna isowa wannan shafi a gajiye, ga fargabar kada wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke, sai su rubuta sunayen da suka fara faɗo musu a rai, waɗanda galibi su ne abokin karatu, ko malamin da ya duba kundin digirinsu, ko wani da suka zauna masauki ɗaya a wajen taro. A ganina wannan gaggawa tana cutar da marubuci fiye da yadda yake zato, domin edita yana karanta sunayen nan a matsayin shaida kan yadda mutum ya san fagen da yake rubutu a kai, da kuma irin amanar da za a iya ba shi.

Batun yana da nauyi na musamman ga malaman Damagaram, saboda ƙarin girman malamin jami'a a Nijar ya rataya ne ga CAMES, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka kan ilimi mai zurfi, wadda shugabannin ƙasashe suka kafa a taron Yamai na 1968, take kuma da mazauni a Wagadugu. Kwamitocinta na ƙwararru ne ke duba dosiyen malami a kowane mataki har zuwa kujerar farfesa, kuma abin da ya fi auna dosiye shi ne maƙalun da aka buga a mujallu masu kwamitin tantancewa. Jami'ar Zinder, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Tawa, wadda kuma yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, tana da malamai matasa da yawa waɗanda kowannensu yake da ranar da yake so dosiyensa ya cika. Wanda ke kallon kalanda irin wannan kallo, da wuya ya so mai tantancewa mai tsauri. Abin da zuciyarsa ke so shi ne wanda zai ce a buga ba tare da dogon zance ba.

Kafin a ga laifin wannan sha'awa, yana da kyau a san cewa tantancewar ƙwararru ba ta daɗe da zama ƙa'ida ba. Mujallun kimiyya na farko sun fito a 1665, ɗaya a Faris, ɗaya a Landan ƙarƙashin Henry Oldenburg, amma a wancan zamani edita ne ke yanke hukunci da kansa, yana neman shawara idan ya ga dama. Har a 1936, lokacin da editan Physical Review ya tura wa wani masani maƙalar da Albert Einstein da Nathan Rosen suka rubuta kan igiyoyin ƙarfin jan nauyi, Einstein ya fusata, ya ce bai ba da izinin a nuna wa kowa rubutun kafin a buga ba, ya janye maƙalar ya kai wata mujalla. Daga baya ta tabbata cewa mai tantancewar, Howard Robertson, shi ke da gaskiya, kuma maƙalar da ta fito a 1937 ta sauya sakamakonta. Mujallar Nature ma sai a 1973 ta mayar da tantancewar waje wajibi ga duk abin da za ta buga. Tun daga nan yawan maƙalu ya yi ta ninkuwa, alhali masu tantancewa kusan duka kyauta suke aikin, a kan lokacin da suka ɓanɓaro daga koyarwa da nasu binciken. Edita yakan aika gayyata da dama kafin ya sami mutum biyu da za su karɓa, kuma idan maƙalar ta shafi abin da shi kansa bai sani ba, kamar yadda ake rabon gona ta gado a ƙauyukan Mirriya, ba shi da inda zai fara nema. Wannan ƙarancin ne ya haifi shafin neman sunaye.

An auna abin da wannan al'ada ke haifarwa. Wani nazari da Sara Schroter da abokan aikinta suka buga a mujallar JAMA a 2006, wanda ya duba mujallun likitanci 10, ya gano cewa rahotannin waɗanda marubuta suka zaɓa ba su gaza na waɗanda editoci suka zaɓa inganci ba, amma sun fi karkata ga ba da shawarar a buga. Editoci sun san da wannan sarai, shi ya sa gogaggen edita yakan ɗauki mutum ɗaya kawai daga jerin marubuci ya haɗa shi da wani da ya nemo da kansa, ko kuma ya ƙi ɗaukar kowa, ya yi amfani da sunayen wajen gane da'irar da marubucin yake ciki don ya nemi mutum a wajenta. Ke nan ribar da marubuci ke tsammani daga ambaton abokinsa ƙarama ce, an kuma riga an cire ta daga lissafi tun kafin rahoto ya iso.

Abin da ya ƙara tsananta zargi shi ne jerin badaƙalolin da suka auku. A 2012 wani edita ya lura cewa rahotanni kan maƙalun wani mai binciken tsirran magani ɗan Koriya ta Kudu, Hyung-In Moon, suna dawowa cikin awa 24, duka kuma yabo ne. Da aka tuhume shi, ya amsa cewa adireshin imel ɗin da ya bayar nasa ne ko na mutanensa, wato shi ke tantance kansa, kuma aka janye maƙalu 28 a kan wannan. A 2014 kamfanin SAGE ya janye maƙalu 60 daga wata mujallar injiniyanci saboda irin wannan damfara, lamarin da ya kai ga murabus ɗin ministan ilimin Taiwan, wanda sunansa ya fito cikin marubutan wasu daga cikinsu. A 2015 kamfanin wallafa na BioMed Central ya janye 43, na Springer ya janye 64, sannan a 2017 aka janye 107 a tashi ɗaya daga mujallar Tumor Biology. Dabarar kusan iri ɗaya ce a ko'ina: a rubuta sunan masani na gaske, a liƙa masa adireshin imel na ƙarya. Wasu mawallafa sun rufe shafin neman sunaye gaba ɗaya bayan haka, sauran kuma suka ƙara matsa bincike.

Wannan tarihi yana shafar mu ta wata hanya da ba kowa ke lura da ita ba. Malamai da yawa a jami'o'in yankinmu, har da manyan farfesoshi, da adireshin Gmail ko Yahoo suke aiki, ko dai saboda jami'arsu ba ta ba su nata ba, ko saboda nata ba ya aiki yadda ya kamata. Editan da ke Amsterdam ko Landan, wanda aka horar da shi ya ɗauki irin wannan adireshi a matsayin alamar haɗari, idan ya ga sunaye uku da bai sani ba, dukansu da Gmail, zai iya wuce su ba tare da ya sake waiwaya ba, ko ma ya fara kallon maƙalar da wani ido. Maganin abin yana hannun marubuci: ya ba da adireshin da ya fito a kan wata maƙala da mutumin ya buga, ya ambaci maƙalar da shekararta a filin dalili, ya haɗa da lambar ORCID ta mutumin, wato lambar shaida da ke bambanta kowane mai bincike, idan yana da ita, ko shafinsa a dandalin jami'arsa. Jimla guda da ke cewa wannan masani ya buga aiki kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na kwarin Korama, kuma bai taɓa rubutu tare da ko ɗaya daga cikin marubutan ba, ta fi wa edita amfani fiye da jera muƙaman mutumin.

Ƙa'idar wanda bai kamata a ambata ba sananniya ce, kuma ƙungiyar COPE, wadda editoci suka kafa a 1997 don kula da ladubban wallafa, ta yi bayaninta: wanda kuke jami'a ɗaya, wanda kuka yi rubutu tare a ƴan shekarun baya (mujallu da yawa suna ƙayyade uku, wasu har biyar), malaminka ko ɗalibinka, ɗan'uwa ko suruki, da wanda kuke cin kuɗin bincike ɗaya. Faɗin ƙa'idar abu ne mai sauƙi. Aiki da ita a ƙasar da masana fage ɗaya ba su fi a ƙirga da yatsu ba shi ne wahalar. Mu ɗauki misalin malamar da ta yi bincike kan yadda matan unguwannin Zango da Birni na Zinder ke sayen ruwa daga ƴan garuwa a watannin bazara, da abin da hakan ke ci daga kuɗin cefane. Waɗanda suka san wannan batu a Nijar, idan aka bincika, ɗaya shi ya duba kundinta, ɗaya ofishinsa na kallon nata, ɗaya kuma a Yamai yake amma sun fitar da rahoto tare bara. Idan ta bi ƙa'ida, duk sun fita. Idan ta ambace su ta yi shiru kan alaƙar, binciken minti biyar a intanet zai tona.

Kuskuren da ke cikin wannan tunani shi ne ɗaukar cewa mai tantancewa dole ya san garin. Maƙala tana da fuskoki da yawa, kuma mutum uku da za a ambata bai kamata su zama masu ilimi iri ɗaya ba. Malamar nan tana buƙatar wanda ya ƙware a hanyar binciken, wato yadda aka zaɓi gidajen da aka yi wa tambayoyi da yadda aka yi lissafi, kuma wannan yana iya zama a Dakar ko a Monpeliye ta Faransa, bai taɓa taka Damagaram ba. Tana buƙatar wanda ya yi nazarin cinikin ruwa a wani birni mai kama da namu, sannan tana buƙatar wanda ya san ƙasar Hausa da yadda ake tafiyar da gida a cikinta. Wannan na ukun ba sai a Nijar za a same shi ba. Daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, alhali Kano ba ta kai 300 ba, kuma a Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, akwai masana da ke nazarin irin ƙasarmu, irin nomanmu, irin kasuwanninmu, ba su kuma da wata alaƙar aiki da marubucin. Abin da ya raba mu da su harshen rubutu ne, mu Faransanci su Ingilishi, kuma abin mamaki ne yadda malamai biyu da za su iya kwana suna muhawara da Hausa ba sa karanta aikin juna. Ga maƙalar da aka rubuta da Ingilishi babu wani cikas ko kaɗan, ga ta Faransanci kuwa akwai malaman da ke karanta shi a can, musamman a sassan harsuna da tarihi, sai dai marubuci ya tabbatar kafin ya ambata, ya kuma faɗa wa edita. Dandalin AJOL, wanda ya fara aiki a 1998 yana tattara mujallun Afirka, wuri ne mai kyau na gano su.

Akwai kuma masu cika shafin da sunayen manyan duniya, suna ganin hakan zai ɗaga darajar maƙalar. Manyan nan su ne suka fi kowa samun gayyata, su ne kuma suka fi ƙin karɓa, don haka an ɓata gurbi. Wanda ya gama digirinsa na uku shekara huɗu ko biyar da suka wuce, yake kuma buga aiki a fagen yanzu, ya fi yiwuwa ya karɓa, ya kuma karanta da natsuwa.

Tasirin babban suna a wannan harka an gwada shi a fili, kuma gwajin ya shafi ɗan ƙasarmu. Vernon Smith, wanda ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, ya rubuta maƙala tare da Sabiou Inoua, matashin mai bincike ɗan Nijar da suke aiki tare a Jami'ar Chapman ta Amurka. An gayyaci masana fiye da 3,000 su tantance maƙalar, aka nuna wa wasu sunan Smith kaɗai, wasu sunan Inoua kaɗai, wasu kuma ba a nuna musu suna ba. Sakamakon da aka buga a mujallar PNAS a 2022 ya nuna cewa kashi 23 cikin ɗari ne suka ce a yi watsi da ita a inda aka ga sunan Smith, kashi 48 a inda babu suna, kashi 65 kuma a inda aka ga sunan Inoua, alhali ko wasali ba a sauya ba a rubutun. Tun a 1982 Douglas Peters da Stephen Ceci sun yi makamancin haka, inda suka ɗauki maƙalu 12 da aka riga aka buga, suka sauya sunayen marubuta da na jami'o'insu, suka mayar wa mujallun da suka buga su: 3 kawai aka gane, kuma daga cikin 9 da suka rage aka ƙi 8. Darasin da marubucin Zinder zai ɗauka a aikace shi ne, idan mujalla ta ba da zaɓin a ɓoye sunansa ga masu tantancewa, ya karɓa, ya kuma bi rubutun ya cire duk abin da zai tona shi, kamar godiya ga shugaban sashe da cewa "kamar yadda muka nuna a aikinmu na baya". Ɓoyewar ba ta cika ba a ƙaramin fage, domin wanda ya san fagen zai iya hasashe, amma tazarar da ke tsakanin 65 da 48 ba ƙarama ba ce.

Gurbin waɗanda ba a so kuwa, a yi amfani da shi da taka-tsantsan. Suna ɗaya ko biyu tare da dalili na aiki, kamar cewa mutumin yana gudanar da bincike mai gogayya da wannan, editoci kan mutunta shi. Jerin mutum shida ba dalili yana sa edita ya yi tunanin marubucin yana gudun duk wanda zai iya gano lam'a a aikinsa.

Wani abu da al'adarmu ke ja mu zuwa gare shi shi ne sanar da wanda aka ambata. A wajenmu rashin ladabi ne ka saka sunan babba a wata hidima ba ka gaya masa ba, sai mutum ya ɗauki waya ya ce, "Ranka ya daɗe, na ba da sunanka a wata mujalla, idan sun tuntuɓe ka a taimaka." Da wannan kira an riga an ɓata tantancewar, domin an ɗora wa mutumin nauyin kunya, kuma mai gaskiya a cikinsu dole ya ƙi gayyatar ko ya faɗa wa edita. Idan ana son ra'ayin babban, hanya a buɗe take: a ba shi rubutun ya duba kafin a tura, a gode masa a ƙarshen maƙala, sannan a bar sunansa daga jerin.

Idan rahotanni suka iso, marubuci ya tuna cewa mai tantancewa shawara yake bayarwa, edita ne ke hukunci, don haka takardar amsa edita ake rubuta wa ko da kowane sakin layi yana fuskantar mai tantancewa. Tsarin da ya fi aiki shi ne a kwafo kowace magana yadda take, a sa amsa a ƙarƙashinta, a faɗi shafi da layin da aka gyara. Idan mai tantancewa ya ce gidaje 120 ba su isa a yi hukunci kan birni duka ba, amsa mai kyau ita ce a yarda da abin da ke gaskiya a maganar, a sassauta iƙirarin da ke cikin kammalawa, a nuna inda aka yi hakan, ba a tsaya kare kai da cewa kuɗin bincike ne suka gaza ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma hukuncin da ya ce a yi babban gyara a sake turowa, a mafi yawan mujallu, ƙofa ce a buɗe. Sai dai ba kowace magana ake bi ba. Mai tantancewar da bai san yankin ba zai iya neman alƙaluman da babu hukumar da ke tattara su, ko ya yi mamakin me ya sa ba a yi hira da matan aure a gaban mazajensu ba, ko ya ɗauka damina da rani a nan kamar na ƙasarsa suke. A nan sai a yi bayani cikin ladabi tare da hujja, kuma a saka bayanin a cikin maƙalar kanta, domin abin da ya ruɗa shi zai ruɗa wasu masu karatu. Idan masu tantancewa biyu suka saɓa wa juna, a nuna wa edita saɓanin a faɗi wanda aka bi da dalili. Idan kuwa wani ya jero maƙalu shida na mutum ɗaya ya ce dole a ambace su alhali ba su da alaƙa da batun, a ɗauki mai amfani, a sanar da edita sauran a keɓe.

Kada kuma a ɗauka wucewa ta hannun masu tantancewa ta wanke maƙala. Editocin mujallar likitanci ta BMJ sun taɓa dasa manyan kurakurai 9 a cikin maƙala da gangan suka raba wa ɗaruruwan masu tantancewa, kuma a matsakaici kowane mutum kusan 3 kawai ya gano. Kuskuren da ya tsallake yana nan da sunan marubuci a kansa, ba da sunan wanda ya duba ba, shi ya sa mai tsaurin da ake gudu shi ne ya fi yi wa marubuci aiki.

A mujallunmu na gida matsalar takan juya. Kwamitin tantancewa ƙarami ne, kowa ya san salon rubutun kowa, kuma ƙaramin malami da aka ba maƙalar da ya gane ta farfesan sashensa ce, wanda wataƙila gobe shi zai sa hannu a takardunsa, da wuya ya rubuta cewa hujjar ba ta tsaya ba. Kara da girmama na gaba halaye ne masu kyau, amma a nan suna haifar da rahoto mai layi uku da gyaran waƙafi. Nauyin wannan yana kan edita ne fiye da kowa: ya tura aikin malaman gida zuwa waje, Wagadugu ko Abijan ko Kano, ya riƙe sirrin sunaye da gaske ko da an matsa masa, ya ba da takardar tambayoyi da za ta tilasta wa mai tantancewa ya yi magana kan hanyar bincike da hujja, kuma idan shi kansa ne marubucin, wani edita dabam ya riƙe maƙalar daga farko har ƙarshe.

Malamin da aka gayyata ya tantance aikin wani kuma, ya amsa cikin kwana biyu ko uku ko da ƙi zai yi, tare da ba da sunan wani da ya dace, domin shirun mako uku shi ke tsawaita jiran da dukanmu muke kuka da shi. Rubutun da aka ba shi amana ne: ba ya nuna wa ɗalibansa sai da izinin edita, ba ya ɗaukar ra'ayi daga ciki ya sa a nasa aikin, ba ya kuma loda shi cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira don su rubuta masa rahoto, abin da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta haramta wa masu tantance mata takardun neman kuɗin bincike tun 2023, manyan mawallafa da dama kuma suka hana a mujallunsu. Editoci suna ajiye bayanin wanda ya ba da rahoto mai kyau a kan lokaci, kuma daga cikin waɗannan sunaye ne suke zaɓo mutanen da za su shiga kwamitin mujalla idan gurbi ya samu.